Sabuwar Shekara Nawa Gare Mu A Kurmi? Tarihin Ɗaya Ga Janairu Da Na Cika-Ciki

 

A wannan karo ina so mu ɗan taɓa tarihi ne a kan batun sabuwar shekara. Dalili kuwa, mu da aka haifa a nan Kudu mun tashi muna ganin shiga sabuwar shekara iri-iri, amma guda ɗaya ce kawai muka riƙe ranarta da ka. Tare kowane yaro a Sabo ka tambaye shi ranar da shekarar Bature ke kamawa, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Tambaye shi a wane watan Musulunci muke, sai ya fara sosa ƙeya. Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da makarantar allo, sauran karatun a rumfar goron mahaifina na yi shi. Abin da na tsinta a littattafai da bakin dattawa shi zan kawo, mai karatu ya auna da kansa.

Asalin ɗaya ga Janairu

Mutane da yawa a cikinmu sun ɗauka ɗaya ga Janairu idi ne na addinin Kirista. To a gaskiya ranar ta girmi addinin Kirista. Rumawa ne suka fara ta. A da can shekararsu daga watan Maris take farawa, kuma shaidar haka tana nan har yau a sunayen watanni. Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba, a harshen Latin ma'anarsu na bakwai, na takwas, na tara, na goma, alhali yanzu su ne na tara zuwa na goma sha biyu. A shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne manyan jami'an mulkin Rum suka koma kama aiki a ranar ɗaya ga Janairu, watan da aka raɗa wa sunan wani gunkinsu mai suna Janus, wanda suke zana shi da fuska biyu, ɗaya na duban baya ɗaya na duban gaba. Daga baya Yuliyas Kaisar ya gyara kalandar, gyaran ya fara aiki a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mai da shekara kwana 365, tare da ƙarin kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu.

Lissafin nasa ya ɗan zarce tafiyar rana da mintoci kaɗan a kowace shekara. Da aka daɗe mintocin suka taru suka zama kwanaki. Shi ne a 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana goma, aka kwanta ranar 4 ga Oktoba aka wayi gari 15 ga wata. Wannan ita ce kalandar da ke rataye a shagunanmu yanzu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, su kansu Turawan Ingila da suka kawo mana ita ba su karɓe ta da wuri ba. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, shekarar hukuma a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Sai a 1752 suka bi sahu, suka mai da farkon shekara ɗaya ga Janairu, suka kuma zubar da kwana goma sha ɗaya a watan Satumba. Ke nan lokacin da aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, wannan al'ada shekararta biyu kacal a hukumar Ingila.

Yadda ta iso ƙasar nan

Ta bakin teku ta shigo, tare da 'yan mishan da 'yan kasuwar Turai. A 1842 wani ɗan mishan na ɗariƙar Metodis mai suna Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagiri, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka yi bikin Kirsimeti a garin. Su mabiya Metodis suna da wata al'ada ta raya dare da addu'a da wa'azi, wadda shugabansu John Wesley ya ɗauka wajen 1740, kuma daga baya ta fi ƙarfi a daren ƙarshe na shekara. Wannan ne tushen kwanan cocin da muke gani maƙwabtanmu na yi a daren 31 ga Disamba, wanda yanzu kusan kowace ɗariƙa ta Kirista a ƙasar nan ta runguma, musamman sababbin coci-coci masu lasifika.

Ta fuskar mulki kuwa, Turawa sun so ƙulla manyan al'amura a wannan rana. A ranar 1 ga Janairun 1900 ne aka sauke tutar kamfanin Royal Niger a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya. A lissafin mutanen Kano da Sakkwato ranar ba ta da wani muhimmanci, ƙarshen Sha'aban ne na 1317, hankalin kowa na kan duban watan azumi. Sai a 1903 da Kano da Sakkwato suka faɗi aka ga abin da waccan shela ta ƙunsa. Haka kuma ranar 1 ga Janairun 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, wanda ya yi daidai da farkon watan Safar na 1332.

Bayan an sami mulkin kai ma ba a daina ba. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, aka ce fam ɗaya naira biyu. Shi ya sa har yau tsofaffin 'yan kasuwa in sun ce jaka guda suna nufin naira ɗari biyu, wato fam ɗari na da. A ranar 31 ga Disamban 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, aka shiga 1984 da Janar Muhammadu Buhari a kan mulki. Sai kuma wadda da yawanmu muka gani muna yara: ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga daga Ojota har Kano, kafin a mai da ita naira 97. Waɗanda suka je ganin gida a lokacin sun san yadda kuɗin mota ya hana mutane dawowa.

Shagalin da gwamnatoci ke shiryawa kuwa na baya-bayan nan ne. Bikin titi na Kalaba a 2004 aka fara shi zamanin Gwamna Donald Duke. Taron ƙirga daƙiƙun ƙarshen shekara da gwamnatin Ikko ta shirya a bakin teku a 2012 ya soma, zamanin Gwamna Fashola, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu sassan jihar, har da Agege inda 'yan uwanmu suke da yawa.

Masu masaukinmu ma suna da nasu

Kafin zuwan Bature babu ƙabilar da ta rasa hanyar sanin shekara ta juyo. Yarbawa suna da mako mai kwana huɗu, kuma mabiya addinin gargajiya na Ifa suna shiga sabuwar shekararsu ne a farkon watan Yuni, da taro a Ile-Ife. Inyamurai ma makonsu kwana huɗu ne, Eke da Orie da Afo da Nkwo, waɗanda duk wanda ya ci kasuwa a Gabas ya san su. Shekararsu wata goma sha uku ce, kuma Sarkin Nri a jihar Anambara shi ke shelanta kamawarta wajen watan Fabrairu, a bikin da suke kira Igu Aro. Mu ma kakanninmu kafin Musulunci da bazara da damina da kaka da rani suke lissafi, kuma Maguzawa na da bikin buɗar daji, inda ake duba abin da shekara za ta zo da shi kafin a shiga farauta.

Asalin shekarar Hijira

A zamanin Manzon Allah (SAW) Larabawa sun san watanni goma sha biyu, amma ba su da lambar shekara. Da wani babban abin da ya faru suke kiranta, kamar Shekarar Giwa. Da daula ta faɗaɗa a zamanin Sayyidina Umar (RA), sai wasiƙu da takardun bashi suka fara rikicewa. Za a ga takarda an rubuta Sha'aban, ba a san na bana ba ne ko na bara. Wajen shekara ta 17 bayan Hijira, wato 638, ya tara sahabbai aka yi shawara, aka tsayar da cewa a fara ƙirga daga shekarar da aka yi ƙaura daga Makka zuwa Madina, wadda ta yi daidai da 622. Ita ƙaurar kanta a watan Rabi'ul Awwal aka isa Madina, amma aka bar Muharram a matsayin watan farko, domin shi ke biye da watan aikin Hajji.

Abin lura a nan, mu 'ya'yan 'yan kasuwa, shi ne matsalar takardar bashi da wasiƙar hukuma ce ta haifar da wannan lissafi. Don aiki aka kafa shi. Da shi kuma sarakunan ƙasar Hausa da alƙalai suka riƙa sa kwanan wata a wasiƙunsu har zuwan Turawa. Hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu, da littattafan makaranta ke cewa 1804, su waɗanda suka yi ta 1218 suka sani.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusan haka. Shi ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa zafi zuwa hunturu, ya dawo inda ya faro bayan kimanin shekara 33. Shi ya sa kuma a cikin 2008 aka shiga sabuwar shekarar Musulunci har sau biyu, 1429 a watan Janairu, 1430 a ƙarshen Disamba. Shekarar 1447 kuwa a ƙarshen Yunin 2025 ta kama.

Cika-ciki da kuɗin shara

Bahaushe bai saba yin wani biki ranar ɗaya ga Muharram ba. Nasa shagalin yana zuwa ne a ranakun tara da goma, Tasu'a da Ashura, har ya sa wa watan duka suna watan cika-ciki. Abin da ya tabbata a addini shi ne azumin ranar goma, don godiya ga Allah da Ya tserar da Annabi Musa (AS) daga Fir'auna, tare da haɗawa da ranar tara. A ranar ce kuma aka kashe Sayyidina Husaini (RA) a Karbala a shekara ta 61 bayan Hijira.

Al'ada kuma ta ƙara nata. A daren akan yi tuwo mai yawa da miya mai kyau, a yanka kaji, wasu gidajen su fito da abin da suka busar suka adana na naman layya, kowa ya ci ya ƙoshi, a kai wa maƙwabta da almajirai. Tsofaffi kan ce wanda bai ƙoshi a daren ba haka zai ƙare shekara da yunwa, wasu kuma su danganta abin da saukar jirgin Annabi Nuhu (AS). Malamai da yawa sun yi bayanin cewa wannan camfi ne, ba shi da madogara.

Sai kuɗin shara. A wannan wata ne taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suke bin juna wannan kuɗi, ana tsokana ana dariya, kowa na cewa shi ne ubangida. Haka jikoki da kakanni, haka garuruwa da ƙabilun da ke wasa da juna: Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa. A ciki har da wanda ya shafe mu kai tsaye, wato wasan Gobirawa da Yarbawa. Kuɗin ba wani abu ba ne mai yawa. Amfaninsa shi ne sau ɗaya a shekara dole ka nemi ɗan uwanka, ko da kun yi wata goma ba ku gaisa ba.

Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Yarbawan Epe a jihar Ikko suna da bikin Kayokayo a wannan wata na Muharram, kuma ma'anar kalmar ita ce a ci a ƙoshi, daidai da namu. Suna haɗa shi da tunawa da saukar Sarki Kosoko a garin, bayan Turawa sun kore shi daga Ikko a ƙarshen 1851. A Agadas ta Nijar suna da Biyanu, Dagwamba na arewacin Gana suna da bikin wuta da suke kira Bugum, duk a wata ɗaya.

Yadda Sabo ta riƙe nata

Hausawa sun daɗe suna fatauci a ƙasar Yarbawa, amma jirgin ƙasa ne ya yawaita mu. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Shanu suka riƙa gangarowa, goro na haurawa. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, da sarkinsu. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya gano shi ne, riƙon al'ada da addini a Sabo yana ɗaure da kasuwanci. Fataucin shanu da goro a kan amana da bashi yake tafiya, tsakanin mai gida da dillali da baƙon da ya taho daga nesa, amana kuwa tana buƙatar jama'ar da ta san juna, take sallah tare, take biki tare. Ya kuma nuna yadda shigar mutanen unguwar ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su wuri guda.

Dattawan da na zauna da su a rumfa sun tabbatar mini da irin wannan. A da, in ji su, ɗan kasuwa da watan sama yake yanka wa'adi. Za a ce a biya bayan ƙaramar sallah, ko kafin watan cika-ciki ya fita. Yanzu kuwa kuɗin haya da na makaranta da takardar banki da harajin ƙaramar hukuma duk da watan Bature suke zuwa. Disamba ita ce kakar kasuwarmu: shanu da awaki da kaji, tumatir da albasa da tattasai, duk a lokacin suke tashi a Bodija da Sasa da Mile 12. Janairu kuma kowa ya san halinta, masu saye sun kashe kuɗinsu a biki, kasuwa ta yi sanyi, masu bin bashi sun fito. Saboda haka ko mun so ko mun ƙi, cikinmu ya san shekarar Bature.

Maganar hutu

Dokar ranakun hutu ta tarayya ta 1979 ta lissafa ɗaya ga Janairu, da Kirsimeti da Ista, da sallah ƙarama da babba da Mauludi. Ɗaya ga Muharram ba ta ciki. Jihohin Arewa irin su Kano da Sakkwato da Jigawa su ke ba da hutun da ikon kansu. A nan ƙasar Yarbawa, jihar Osun ce ta fara, a watan Nuwamban 2012, lokacin shigar 1434, zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Daga baya jihar Oyo ta bi, Gwamna Seyi Makinde ya ba da hutun a shekaru irin su 2023 da 2024. Ƙungiyoyin Musulmin Yarbawa irin su NACOMYO da MURIC su suka fi kowa ƙoƙari a wannan fage, da tarurruka da jerin gwanon 'yan makaranta da kiran gwamnatin tarayya ta sa ranar a doka. Masu addinin gargajiya ma sun nemi tasu, har jihohin Ikko da Oyo da Ogun suka ba da hutun ranar Isese a watan Agustan 2023.

Ina goyon bayan a ba da hutun a ƙasa baki ɗaya, domin adalci ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a jihohin da ake bayarwa, mu nawa ne muka san dalilin da ya sa yara ba su je makaranta ba a ranar? Ɗan kasuwa dai ba ya rufe rumfa don gwamna ya yi sanarwa.

Abin da za mu yi asara

Wani zai ce to mene ne a ciki, kwanan wata ne kawai. Akwai abubuwa a ciki. Na farko zakka. Shekarar da ake jira dukiya ta cika kafin a fitar da zakka ta watan sama ce. Wanda ya mai da fitar da zakkarsa duk ƙarshen Disamba, lokacin da yake rufe lissafin shago, yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana goma sha ɗaya a kowace shekara. In ya yi shekara 33 yana kasuwa a haka, zakkar shekara guda cur ta salwanta bai sani ba. Haka takaba, wata huɗu da kwana goma, da watan sama ake ƙirga ta. Haka azumin Tasu'a da Ashura da na kwanaki uku na tsakiyar wata, duk sai wanda ya san kwanan wata zai same su.

Na biyu zumunci. Yaron da aka haifa a Kurmi, wanda bai fi sau uku ya je garin kakansa ba, in bai san taubashinsa ba, bai san wa ke binsa kuɗin shara ba, to da me zai riƙe dangi ranar da iyaye suka kau? Camfin da ke cikin cika-ciki a bar shi, na yarda. Amma ciyar da maƙwabci da neman ɗan uwa ba su da laifi a kowane wata, kuma in aka watsar da su gaba ɗaya da sunan gyara, yaranmu ba za su zauna haka nan ba, daren 31 ga Disamba za su kama, da ƙona taya a titi da harba nokawut.

Na uku zaman lafiya. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Sasa a Fabrairun 2021. Kowa ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara, kuma wanda ke da rumfa a ƙasar wani shi ya fi kowa asara. Daren sabuwar shekara dare ne na hayaniya da shaye-shaye, ga ƙarar nokawut da ba a bambanta ta da ta bindiga. Mu tsare yaranmu a gida a daren. Maƙwabcin da ya tafi cocinsa ya kwana yana addu'a kuwa bai tsare mana komai ba, ba sai mun bi shi ba, ba kuma sai mun zage shi ba. In watan cika-ciki ya zo a aika masa da kwanon tuwo, a gaya masa mu ma tamu shekarar ta kama. Da yawansu ba su taɓa jin labarin ba, don ba mu taɓa faɗa musu ba.

Shawarata ga 'yan uwana matasa ba ta da tsada. A sayi kalanda mai lissafi biyu a rataye a shago. A riƙa sauraron sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi kowane wata, kada a tsaya ga na azumi da sallah kaɗai. Mai littafin bashi ya rubuta ranar da zakkarsa ke cika da watan Musulunci a bangon littafin. Malaman Islamiyya kuma su sa yara rubuta kwanan watan Hijira a saman allo kowace rana.

Wanda ya san yadda ake cika-ciki a garinsu, ko yadda ake yi a zangonsu na Gabas ko na Fatakwal, don Allah ya rubuto mu ƙaru da juna, musamman abin da ya ji daga bakin tsofaffi tun suna raye. Allah Ya maimaita mana, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nema.